Mai Sunan Malam a Gaban Ragata

Ranar Asabar da ta wuce na shiga gidan kallon ƙwallo na bayan tasha a nan Gumel. Ba kallo ne ya kai ni ba, fankarsu ce, don tawa ta gida ta bi ni ritaya. Ina zaune aka ci wani golan Turai daga nesa. Sai wani yaro mai aski kamar gonar da aka nome rabi ya miƙe ya ce, "Wallahi wannan ko Baba Gola aka sa zai kama!" Ɗaki ya ɗauki dariya. Na kusa da shi ya ƙara gishiri, ya ce, "Ai gola ba sana'a ba ce, tsayuwa ce. Wanda bai iya gudu ba shi ake turawa raga."

Baba Gola ni ne. Sunana Sabo, kuma da wannan tsayuwar na yi aure, na gina ɗaki, na karya yatsun da yanzu kowanne yake kallon garin da ya ga dama. Na so in ba su amsa a wurin, amma bakin tsoho ba ya tsere da na yaro, shi ya sa na ɗauki biro. Bokona a aji huɗu ya tsaya, ranar da ni da hedimasta muka yarda cewa mun gaji da juna. Saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo mini gida.

Safar hannuna ta farko mahaifina ne ya ɗinka ta. Malam baduku ne, yana da rumfa a bakin kasuwa, kuma duk ƙwallon da ta fashe a garin nan wurinsa ake kai ta. Ƙwallon lokacin ba irin taku ba ce mai santsi kamar kumatun jariri. Fata ce da bilada a ciki, da baki da ake ɗaurewa da igiya. Da rani ta bushe ta zama dutse, da damina ta sha ruwa ta zama kabewa. Wata rana na dawo da tafin hannu a fashe. Malam ya duba, bai ce sannu ba. Ya aza hannuna a kan jar fatar akuya, ya zagaye shi da tsinin basilla, ya yanka. A tafin ya ɗinka robar tayar keke layi-layi, don ƙwallo ta sami abin maƙalewa. Ya miƙo mini ya ce, "Ba don kai na yi ba. Jininka ne yake ɓata mini ɗinkin ƙwallo."

Tun daga ranar, duk wasan da za a yi a filin garin nan, Malam zai rufe rumfa da an sallame la'asar, ya saɓo buzunsa, ya shimfiɗa a bayan ragata. In an juya bayan hutun rabin lokaci, shi ma ya naɗe buzu ya bi ni ɗaya gefen. In an tambaye shi ya ce inuwa yake bi. In an ce ai can babu inuwa, ya ce to ɗinkinsa yake dubawa. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa ni ya zo kallo ba.

Fili kuwa, ku cire ciyawar talabijin daga ranku. Rairayi ne da tsidau da ƙarangiya. Da toka muke jan layi. Turakun raga na darbejiya ne, na saman yakan lanƙwasa a tsakiya ya rage mini aiki, kuma ban taɓa kai ƙararsa ba. Kafin wasa gola da kansa zai zo da tsintsiya ya share gabansa, ya barbaɗa ƙaiƙayin gero inda yake sa ran faɗuwa. Wandona an cusa masa auduga a kwankwaso, in ina tafiya sai ka ce katifa ce ta yi ƙafa. Duk da haka, bayan kowane wasa sai an zauna da allura ana cire mini ƙaya.

Darasina na farko a kasuwar dabbobi ta Maigatari aka ba ni, kuma babu ƙwallo a wurin. Maigidana a wannan sana'a wani mutumin Damagaram ne, Sani, dillalin raƙuma. Gardiyan ake ce masa, don ya tsare raga a can ƙetaren iyaka, ƙwallo ma balo yake kiranta. Na je masa ranar Alhamis, kara ta cika maƙil, ina ta juya sabuwar safata don ya gani. Ya karɓe ta ya sa a aljihu. Ya nuna mini wani mutum can ƙarshen kara, bayan shanu da raƙuma da masu rantsuwa a kan ciniki, ya ce, "Ka ga mai jan rawanin can? Buba sunansa. Kira shi."

Na kira. Ko akuyar da ke ɗaure kusa da ni ba ta waiwayo ba.

Ya ce, "Daga ciki, ba daga hanci ba. Kai ba tallan fura kake yi ba."

Na yi ta kira har murya ta dushe. Kasuwa ta zagayo na koma, ta sake zagayowa na koma. Ranar da Buba ya waiwayo a fusace ya ɗaga sanda yana neman wanda ya addabe shi, ranar Gardiyan ya mayar mini da safata.

Ya zaunar da ni a gindin wani raƙumi ya ce, "Yaro, hannu na ƙarshe ne. Golan kirki da baki yake kama rabin balo, tun ba a buga ba. Kai kaɗai kake ganin fili duka. 'Yan bayanka makafi ne, kai ne ɗan jagora. Kuma kada ka kuskura ka ba da umarni babu suna. In ka ce 'bari' kawai, ko duka su bari ko duka su taso. Suna tukun, sannan kalma ɗaya: bari, waje, dama, hagu." Bayan wannan ne ya koya mini faɗuwa a kan tudun rairayi, da kafaɗa ba da gwiwar hannu ba, da yadda ake dunƙule hannu a nushi ƙwallo in ta zo cikin taro.

Akwai wani fenariti a Sule Tankarkar da har yau in mota ta bi da ni ta garin sai na gyara zama. Mai bugun wani ƙaton mahauci ne. Ya ajiye ƙwallo yana kallon haguna, irin kallon mai son a gan shi yana kallo. Gardiyan ya riga ya gaya mini cewa ido maƙaryaci ne, ƙafar da mutum ya dasa ita ce mai gaskiya, inda yatsunta suka nuna can ƙwallo za ta. Na faɗi dama, ta same ni a ƙirji, numfashina ya tafi garin Ɗanzomo ya dawo. Ashe a cikin 'yan kallo akwai wani mai tabarau da ya zo ɗaurin aure daga Kano. Shi ya ɗauke ni.

A Kano na zama mai cin abinci da ƙwallo, a kulob ɗin wani kamfanin saƙa. A takarda ni mai kula da sito ne, amma har na bar kamfanin ban san inda ƙofar siton take ba. Mun je Jos, mun je Inugu, mun je Legas inda aka jefe ni da ɓawon lemo, aka zage ni da yaren da ba na ji, wanda shi ne zagi mafi daɗin ɗauka. Don ku sani, kowace sana'a da masu cinikinta, namu su ne mutanen bayan raga. Ɗan gaba yana iya gudu ya bar mai zaginsa. Gola kuwa a ɗaure yake wuri ɗaya kamar ragon layya, mai zaginsa yana bayansa da rake a hannu, ba ya sauri. Ɗan gaba ya zubar da goma ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola ya kama goma ya saki ɗaya, a raka shi da ita har ƙofar gida.

A can Sabo Gumel ake kirana, don ranar da akawun kulob ya tambaye ni sunan mahaifi sai na sunkuyar da kai, ya gaji da jira ya rubuta sunan gari. Ku yaran yanzu kuna buga sunan ubanku a bayan riga ku yi ta yawo da shi har wurin mai shayi. Mu a gidanmu ba a kama sunan Malam. Ko baƙo ne ya zo da irin sunan, mai sunan Malam muke ce masa, har ya tafi.

Mummunar shekarata ta same ni ne bayan na dawo gida. Wani Alhaji mai fataucin shanu ya kafa kulob a nan Gumel, da albashi da mota da komai, ya aika in zo in ƙarasa a gaban mutanena. Malam ya ɗinka mini sabuwar safa, ya kakkaɓe buzu. Sai abu biyu suka haɗu mini. Na farko, a shekarar ne masu dokar ƙwallo na duniya suka zauna, ba su shawarce ni ba, suka ce in ɗan bayanka ya dawo maka da ƙwallo da ƙafa, ba ka da ikon kamawa da hannu. Ni kuwa ƙafata ta hagu tafiya kawai ta iya, ta daman ma sai a hankali. Ke nan dole in hana a dawo mini da ita, kuma da baki ake hanawa.

Na biyu, kocinmu Lawan ya samo sabon lamba biyar daga wata ruga a gefen Gagarawa. Dogon saurayi, ƙafa kamar taɓarya, kai kamar gudumar maƙeri, ga ladabi. Shi ne zai tsaya a gabana kai tsaye, shi ne wanda zan fi kira. Ranar da aka gabatar da shi koci ya faɗi sunansa. Mai sunan Malam ne.

Na gwada, "Mai sunan Malam, bari!" Ku gwada faɗinta da sauri ku ji. Kafin in kai "Malam" mun yi karo a sama, ƙwallo tana cikin raga tana hutawa. Na gwada "Dogo", ashe Dogo uku gare mu a baya, duka suka bari. Na gwada "lamba biyar", ya ce mini, "Yaya Sabo, lambar a bayana take, ban cika tunawa da ita ba." Muka zauna muka yanka masa laƙabi, Bijimi. A tirenin yana amsawa lafiya lau. Amma ranar wasa, in ganga ta ɗauka, idonsa ya kafe a kan ƙwallo, kunnensa ba ya buɗewa sai da sunan da aka raɗa masa. Kada ku ce to in mun je wani gari fa, inda Malam ba ya nan. Harshen da bai taɓa ɗaukar abu ba tun yaye, ba ya ɗauka don an canza gari.

Shi ma abin ya dame shi. Wata rana a mota ya matso ya ce, "Yaya, ko in koma kiwo ne?"

Na ce, "Zauna. Ba laifinka ba ne, laifin wanda ya yanka rago ne."

Aka yi ta cinmu ƙwallayen da ko a wasan yara abin kunya ne. A da kirarina Sabo Rufe-ƙofa, sai mutanen bayan raga suka mayar da shi Sabo Maraba-da-baƙi. Koci ya kawo wani matashin gola daga Kano, da safar kanti mai kumfa a tafi, ya zaunar da shi a benci yana kallona kamar magaji yana kallon mai jinya. Ana jibi wasan ƙarshe, wanda kunnen doki ya ishe mu mu tsira daga faɗawa rukunin ƙasa, koci ya ja ni gefe.

Ya ce, "Sabo, na san abin da ke damunka, ni ma ɗan gida ne. Amma raga ba ta san kunya ba. In aka sake irin karon nan, yaron can zai shiga, kuma in ya shiga ba zai fita ba."

Ranar wasa fili ya cika har kan katangar makaranta. Malam ya shimfiɗa buzu. Ɗanjuma mai rake, wanda ya fi kowa baki a bayan raga, ya kafa baronsa kusa da shi. Ana dab da tafiya hutu aka kwaso ƙwallo daga hagu, ta taso sama tsakanina da lamba biyar. Na fito, na buɗe baki, na ce, "Mai su..." Goshinsa ya sami leɓena. Na tashi ina tofar da jini da rairayi, ɗan gabansu yana can yana rawa. Da na waiwaya benci, na ga yaron Kano ya miƙe yana ɗaura safa.

Aka busa hutu. Malam ya naɗe buzu kamar kullum, amma maimakon ya zagaya ta gefe, sai ya ratso ta tsakiyar fili, ya tsaya a kaina. Na durƙusa.

Ya ce, "Miƙo safar nan."

Na miƙa. Ya juya tafin yana dubawa. "Robar ko gogewa ba ta yi ba. Ina ɓata idona da ɗinki, ƙwallo ba ta taɓa shi sai in ka je ɗauko ta daga raga."

Sai ya nuna lamba biyar da safar.

"Dogon yaron nan, ba a yi masa suna ba ne?"

"An yi, Malam."

"Wane ne?"

Na kalli ƙasa. Koci ya matso, 'yan wasa suka matso, Ɗanjuma ya baro rakensa ya biyo.

"Haruna," in ji Malam, da ƙarfin da har benci an ji. "Haruna sunansa. Ni ma aro na yi, na Annabi ne. An kira shi kafin a haife ni, za a kira shi bayan an binne ni. Ka kira shi."

Na ce, "Malam, a gafarce ni, ba zan iya ba."

Ya ce, "Au! Sunana kake jin kunyar kamawa, amma maganata ba ka jin kunyar ƙi?"

Ɗanjuma ya tafa hannu ya ce, "Sabo, wannan fenaritin ba ya kamuwa!"

Malam ya jefo mini safar. "Daga layin tokar nan zuwa ciki, na yafe. In ka fito da shi waje, ni da kai ne." Sannan ya dubi koci ya ce, "Kai kuma malam, ce wa yaronka ya zauna, zai gaji a banza." Koci Lawan, wanda ko Alhaji ba ya gaya masa wanda zai sa, ya sosa ƙeya ya ce, "To, Baba."

Da aka dawo ba a jima ba suka sami bugun kwana. Ƙwallo ta taso, ta yi tsaye a sama, na ga dogon nan yana shirin tashi. Na ja numfashi daga inda Gardiyan ya nuna mini a karar Maigatari.

"Haruna, bari!"

Ya duƙa kamar an sare shi. Na ɗauke ta a sama da hannu biyu, na rungume, na sauko. Sai na ji murya a bayana, a natse, kamar mai amsa sallama: "Na bari."

Bayan raga ya kife da dariya. Ɗanjuma har da zama a ƙasa. Ni kuwa ban waiwaya ba, don da na waiwaya da ƙasa ta tsage na shige. Daga nan baki ya buɗe. "Haruna, hagu!" Murya ta ce, "Ina hagun." "Haruna, barci kake yi?" Murya ta ce, "Idona biyu, ja'iri." Yaron ya zama kamar an sa masa ido a ƙeya, duk inda na ce yana can kafin ƙwallo. 'Yan gabanmu suka farke. Ana dab da tashi, mutum biyu suka matse shi a bakin gida, na ga ya juyo zai dawo mini da ita, wato zai miƙa wa ƙafar hagun nan tawa amanar gari.

"Haruna, waje!"

Ya narka ta, ta tsallake katanga ta faɗa cikin darbejiyoyin makaranta. Malam ya ce, "Madalla." Kafin a nemo ta rafali ya busa tashi. Muka tsira, yaron Kano ya kwance safarsa.

Da na je gaishe shi a gida, na durƙusa a bakin zaure ina jiran abin da zai biyo baya. Abin da ya ce kawai, "Bar mini safar, ɗinkin babban yatsa ya saki."

Na ƙara shekaru a ragar nan, masu daɗi. Mutane suka riƙa rububin bayan raga don su ji mu, har daga Gagarawa ake cika mota. 'Yan gaban baƙi su rikice, su rasa wa ake kira, wa ke amsawa. Dogon ya zama kyaftin, yanzu ma yana nan yana fataucin shanu, har ya yi jikoki, kuma in mun haɗu a kasuwa mai sunan Malam nake ce masa, don kasuwa ba ta cikin layin toka. A wannan rubutun ma da biro na ja layi na ce nan fili ne, Allah ya sa hujjar ta karɓu.

Malam ya rasu bayan an gama girbi. Wasan farko da na buga bayan sadakar arba'in a gida ne. Bayan raga ya cika kamar kullum, amma an bar wurin buzu, babu wanda ya taka, Ɗanjuma ya kafa baronsa a gefe. Aka bugo kwana. Na ce, "Haruna, bari!" Ya bari, na kama. Na tsaya da ita a ƙirji. Bayan raga tsit, ko tsotson rake babu. Ina nan tsaye sai da rafali ya zo har gabana ya ce, "Gola, buga mana."

Na ƙarasa kakar, na rataye safa a ƙusa. Koci ya tambaye ni dalili, na ce gwiwa. Alhaji ya aiko a tambaye ni, na ce gwiwa.

To, ku 'yan gidan kallo masu cewa tsayuwa ce, wanda ya isa ya same ni a tasha ranar Alhamis da safe, mu tafi Maigatari. Kada ya zo da safa, ya zo da murya. In kuma wani ya tambaye ku abin da ya fitar da Baba Gola daga raga, ku ce masa gwiwa ce.